Wai da gaske kallon fim yana buɗe wa mutum kunnen Turanci?

Nura Gyallesu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni sakat tun ranar Talata, na ga gara in kawo shi nan tunda akwai malamai da iyaye a cikinmu. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, kuma Turancin takarda bai taɓa ba ni tsoro ba, da kiredit na ci shi a WAEC. To wani kamfani da na nemi aiki suka kira ni intabiyu ta waya, wata Baturiya ce a kan layin. Wallahi a tambayarta ta farko ban tsinci komai ba sai sunana. Na roƙe ta ta maimaita, ta maimaita, na kama rabi. Da muka zo tambaya ta uku na sake cewa ta maimaita, sai na ji ta yi shiru na ɗan lokaci. A nan jikina ya ba ni cewa aikin ya wuce ni.

Abin da ya fi ƙona min rai, wani abokina da aka yi wa irin wannan intabiyun ya rubuto min tambayoyin daga baya, na duba, babu kalma ɗaya da ban sani ba. Ko ɗaya. Shi ya ce fim ne ya buɗe masa kunne. Ni kuma tun ina firamare nake kallon finafinan Turawa, me ya sa nawa kunnen bai buɗe ba? Don Allah wanda ya san gaskiyar abin nan ya taimaka min.

Zainab Shika:
Wa alaikumus salam. Sannu Yaya Nura, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Tambaya ɗaya zan fara yi maka: wane irin fim kake kallo, kuma sau nawa kake kallon guda ɗaya?

Nura Gyallesu:
Amin, na gode. Yawanci na yaƙi da na 'yan sanda. Sau ɗaya ne, in na gama in goge in karɓo wani.

Zainab Shika:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Fim ɗin yaƙi ko an kashe sautinsa za ka gane wanda ya ci amanar wani da wanda zai mutu. Idonka ne ya yi shekaru yana aiki, kunnen yana hutawa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na zauna jarabawar IELTS ta gwada iya Turanci sau biyu. Ɓangaren saurare tambaya 40 ne a cikin kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna maganar, babu maimaici. Karon farko shi ya kayar da ni. Da na dawo sai na sauya hanya. Na samo fim guda na zaman iyali, wanda kusan duk hira ce a falo da kicin. Ba na kallonsa duka. Minti uku nake yankowa. In saurara da iyafis ba tare da rubutun nan na ƙasa ba, in rubuta abin da na ji a littafi, inda ban ji ba in ja layi. Sai in kunna sabtaitil na Turanci in gwada da nawa. Ranar farko layukan da na ja sun fi kalmomin yawa, har na yi hawaye don takaici. Akwai wata jimla da na maimaita ta fi sau goma ina jin "wujuv", ashe matar "would you have" take cewa. Kalmomi uku da ɗan aji ɗaya na sakandare ya sani, amma a bakinta sun dunƙule sun zama ɗaya. Daga ranar na gane ba ƙarancin kalmomi ke damuna ba, ban san yadda suke fita a bakin masu harshen ba ne. Wata huɗu na yi a haka, a motar zuwa aiki da kuma dare in na sauka daga duti.

Malam Idi Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Yarana, ina karanta ku. Ni shekara 35 na yi ina koyarwa kafin in yi ritaya, kuma a gaskiya hankalina bai kwanta da wannan hanya ba. Mu da rediyo muka gyara kunnenmu. Malaminmu yakan kawo akwatin rediyo aji mu saurari labaran BBC na Turanci, sannan ya ta da mutum ya faɗi abin da ya ji. Muryar Amurka ma tun 1959 suka fara wani shiri na Turanci mai sauƙi, ana karanta labarai a hankali da kalmomi kusan 1,500 kawai. Babu tsiraici a ciki, babu ashar.

Bari in gaya muku abin da ya faru a gidana bara. Jikana ɗan shekara 11, kawunsa ya aike shi sayo kati ya daɗe, da ya dawo ana yi masa faɗa sai ya buɗe baki ya faɗi wata kalmar Turanci da ba zan iya rubuta ta a nan ba. Yaron bai san zagi ba ne. A fim ya ji jarumi yana faɗa in ransa ya ɓaci, ya ɗauka haka ake cewa "kash". Kawun ya ɗaga hannu, ni na riƙe shi, na ce laifinmu ne da muka bar masa waya. To irin wannan Turancin za ku aika Nura ya kwaso?

Zainab Shika:
Allah ya ƙara girma Baba, maganarka gaskiya ce, kuma ni ma ba kowane fim zan buɗe a gaban mahaifina ba. Sai dai mai karanta labarai an horar da shi ya fitar da kowace kalma sarai. Matar da ta kira Yaya Nura ba labarai take karantawa ba, hira take, tana haɗiye rabin kalmomin. Irin wannan maganar a fim ake samunta.

Malam Idi Ƙofar Doka:
Wannan kuma na karɓa, 'yata. Amma batun tarbiyya yana nan, ban janye ba.

Sagir Mai Tura Fim:
Ni sana'ata ke nan, a PZ nan Zariya nake zaune da kwamfuta ina tura wa mutane finafinai a waya da memori, don haka bari in faɗi abin da idona ke gani. Cikin masu zuwa wurina da wuya ka sami mai neman fim don ya koyi wani abu. Abin da ya fi tafiya yanzu fassara ce: Indiya Hausa, har na Amurka da na Chana duk an juye su zuwa Hausa. Matashi zai zo ya ce a cika masa memori, in na sa masa wanda ba fassara ba gobe ya dawo min da shi.

Kuma ku tuna da iyayenmu da yayyenmu na zamanin silima da kaset. A garin nan akwai mutanen da ke jin Indiyanci, ba su taɓa taka Indiya ba, ba su shiga aji ba. Wani dattijo da ke gyaran agogo kusa da mu in ana fim ɗin Indiya yakan fassara mana tun kafin jarumin ya rufe baki. In fim ya koya wa Bahaushe Indiyanci, me zai hana ya koya masa Turanci? Amma yaran yanzu da suka tashi a kan fassara ko gaisuwar Indiyanci ba su iya ba.

Malam Bashir Samaru:
Sagir, ka kawo hujja mai ƙarfi, amma akwai abin da ya kamata a lura da shi a cikinta. Wancan dattijon fim nawa yake da su a lokacin? Kaset ɗaya zai yi wata yana zagaya unguwa, a kalle shi sau ashirin, a haddace waƙoƙinsa, a riƙa kwaikwayon maganar jarumai a dandali. Maimaici ne ya koya masa. Yau kai kana tura wa mutum fim 30 a zama ɗaya, ba ya komawa kan ko ɗaya. Yawan ne ya kashe amfanin.

Fannina nazarin harshe ne, bari in ɗan sa alƙaluma. A 2009 wasu masana biyu, Stuart Webb da Michael Rodgers, sun ƙirga kalmomin finafinan Turanci 318. Suka gano cewa wanda ya san iyalan kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, haɗe da sunayen mutane da wurare, ya san kusan kashi 95 cikin 100 na kalmomin da za a furta a fim. Kafin ya kai kashi 98 kuwa sai ya san 6,000. Iyalin kalma shi ne kalma da 'ya'yanta, kamar yadda "karanta", "karatu" da "makaranta" suke gida ɗaya a Hausa. Kashi 95 yana nufin a kowace kalma 20 akwai ɗaya baƙuwa, wannan mutum zai iya cinko ma'anarta daga abin da ke faruwa. Amma wanda kalmominsa ba su wuce 500 ba, in ka zaunar da shi gaban fim hayaniya kawai yake ji, ko shekara goma zai yi. Shi ya sa ba na son a riƙa gaya wa kowa da kowa "je ka kalli fim". Nura ya wuce wannan matakin, kalmomin suna kansa, a ido ya san su. Aikin da ya rage masa shi ne ya haɗa kowace da sautinta. Ɗan JS 1 da ya fito daga firamaren da ba a koyar da komai, maganinsa daban.

Maman Sadik:
Malam Bashir, to mu masu ƙananan yara fa? Nawa uku ne, babban yana aji huɗu. Katun suke kallo, kuma wallahi ƙaramar 'yar shekara biyar tana faɗin abubuwan da ni ban iya ba. Rannan ta zubar da koko ta ce "I didn't mean to", na tsaya ina kallonta. Yayyenta mata na gidan maƙwabta kuma tashar Zee World ce ta gyara musu baki, tunda wasannin Indiya ne da aka juye zuwa Turanci kuma a hankali suke magana. Amma abin da ke damuna, Hausarta ta fara karyewa. Kakarta ta zo daga Giwa ta yi mata magana, yarinya ta amsa da Turanci, tsohuwa ta yi shiru ba ta ƙara cewa komai ba. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Malam Bashir Samaru:
Hajiya, yaro zai iya ɗaukar harshe biyu har uku ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba, muddin yana jin kowanne ana yi masa. Ki bar katun ya yi nasa aikin na ɗan lokaci a rana, amma ke da mahaifinsu ku riƙe Hausa a gida, kada ku biye mata. Turanci zai same ta a makaranta ko ba ki so. Hausar kaka kuwa in ba a gida ba babu inda za ta samu.

Kabiru Kwangila:
Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Sai mun koma magana ta hanci kamar Turawa sannan mun iya Turanci? Sir Abubakar Tafawa Balewa fim ya kalla aka kira shi mai muryar zinare? Turancinmu na Nijeriya ya ishe mu. Ita Baturiyar me ya hana ta sassauta, ai ita ma ba ta jin Hausa.

Anti Hajara:
Kabiru ƙanena, ba wanda ya ce ka sauya lafazinka. Yi maganarka da muryar Bazazzage, in dai ana gane ka shi ke nan. Ana batun ji ne. Kai za ka zaɓi yadda za ka yi magana, amma ba kai za ka zaɓar wa wanda ya kira ka a waya yadda zai yi tasa ba. Kuma Tafawa Balewa da ka kawo, Turawa ne suka koyar da shi a Kwalejin Katsina, sannan ya je Landan karatu a 1945. Kunnensa ya sha Turanci daga bakin masu shi. Ɗalibaina na Sabon Gari wa za su ji?

Shekara 14 ina koyar da Turanci a sakandare. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, a nan Nijeriya takardar WAEC ta furuci a rubuce ake yin ta. Yaro zai zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da wata, ya ci, alhali bai taɓa jin an furta ko ɗaya daga cikinsu ba. Haddace alamomin sauti yake. Don haka Nura, kiredit ɗinka na gaskiya ne, kawai dai ba a taɓa gwada kunnenka ba sai ranar Talata.

Sannan harshenmu yana da nasa tasirin. Wasulan Hausa biyar ne, kowanne da dogo da gajere. Turancin Ingila yana da sautin wasali kusan 20. Shi ya sa "cat", "cart" da "cut" suke zo mana kusan abu ɗaya. Ga P da F, yaro ya ce "fan" yana nufin "pan". Ga V da ke komawa B, ga "think" da ke zama "sink". Abin da bakinka bai raba ba, da wuya kunnenka ya raba. A nan fim ya fi rediyo, Baba Malam Idi ya yi min afuwa, domin kana ganin leɓen mai magana. Na taɓa tsayar da hoto a aji daidai inda wata ke cewa "very", haƙoranta na sama a kan leɓen ƙasa, na ce kowa ya yi haka. A ranar yara da dama suka fara furta V a rayuwarsu.

Gargaɗina ɗaya: Turancin fim ba na rubutu ba ne. Ina makin insha'i ina ganin "gonna" da "wanna" da "ain't", duk jan biro ne. Ku ji su, ku gane su, ku bar su a can.

Kabiru Kwangila:
To Anti, na ji bambancin. Amma har yanzu ina ganin mun cika raina namu.

Nura Gyallesu:
Na gode ƙwarai. Abin da ban gane ba shi ne batun sabtaitil. In bar shi ko in kashe? Abokina ya ce in na bar shi karatu kawai zan yi.

Zainab Shika:
Abokinka ya yi gaskiya rabi. In ka bar shi daga farko har ƙarshe, ido zai ƙwace aikin. Kashe, kunna, sake kashewa, a kan yanki ɗaya. Na ukun nan shi ne mai daɗin, za ka ji maganar da ɗazu ta zame maka kamar ruwan sama a kan kwano ta warware kalma kalma.

Anti Hajara:
Ni a nan na ɗan saɓa da Zainab. Wanda bai saba ba in ya fara da kashewa zai karaya a kwana biyu ya watsar. Gara ya kalli fim ɗin duka da rubutun, ya san labarin, ya ji daɗinsa, sannan ya dawo yana yanka. Ke jarabawa ce ta tsare ki da kuɗin da kika biya, shi ya sa kika jure.

Zainab Shika:
Haka ne Anti, kuɗin kam ya tsare ni. Shi ma ai rashin aikin ya tsare shi.

Sagir Mai Tura Fim:
Ku yi hattara da sabtaitil ɗin ma. Wasu na'ura ce ta rubuta, cike da kuskure, wasu kuma suna riga maganar ko su makara. In kana amfani da manhajar kunna bidiyo ta VLC akwai inda ake daidaita shi, akwai kuma inda ake rage gudun magana. A YouTube ma za ka iya rage gudun zuwa 0.75. Kuma kada ka ƙona datarka, fim biyu sun ishe ka wata guda in irin aikin da Anti Zainab ta faɗa za ka yi.

Malam Bashir Samaru:
Rage gudun yana taimako a farko, amma kada ya zame maka sanda, mai kiran waya ba zai rage ba. Game da kalmomi kuma, kada ka tsayar da fim a kan kowace baƙuwar kalma ka buɗe ƙamus. Biyar ko shida a zama sun isa, kuma ka rubuta jimlar duka, ba kalmar ita kaɗai ba. Wahalar Turancin baka ba a manyan kalmomi take ba, a ƙanana take. "Put off", "put up with", "put out", duk ka san "put" amma kowanne da inda ya dosa. Sannan ka sassaɓa: na Amurka, na Ingila, har da masu sharhin ƙwallon Firimiya da kuke ji a gidan kallo. Ba'amurke yana cewa "water" ka ji kamar "wara", mutumin Landan wani lokaci ya haɗiye T ɗin gaba ɗaya.

Nura Gyallesu:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na bi ta wurin Sagir ya sa min wani fim na wani malami da ɗalibansa. Na bi shawarar Anti Hajara na kalle shi duka, sannan na koma ta Zainab. Minti huɗu sun ci min awa ɗaya da kwata daren farko, aka ɗauke wuta na ƙarasa da fitilar waya. Jiya a yanki na biyar na rubuta jimla bakwai a jere ba kuskure kafin in kunna rubutun. Na daɗe ban ji farin ciki irin wannan ba. Sai dai na lura da wani abu: ina ji, amma in na zo maimaitawa da baki harshena yana sarƙewa, kuma a gidanmu babu wanda zan yi da shi.

Malam Idi Ƙofar Doka:
Nura, ɗana, wannan kuma fim ba zai yi maka ba, don ba ya amsawa. Zaurena yana nan. Duk Asabar bayan la'asar ka zo, da kai da duk mai so, mu yi awa ɗaya ba Hausa. Ka ba ni labarin abin da ka kalla da Turanci, ni kuma in yi maka tambayoyi irin na intabiyu, kuma ba zan maimaita ba. Sharaɗina, kada a kawo min labarin fim ɗin da ba za a iya kallonsa da 'ya'yana mata a wurin ba.

Nura Gyallesu:
Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara lafiya. In sha Allahu ina tafe.

Kabiru Kwangila:
Baba, ni ma a sa da ni. In na shigo ta Ƙofar Doka wane layi zan bi?

Malam Idi Ƙofar Doka:
Zan tura maka kwatance ta akwatin saƙo. Ku zo da littafi da biro, tabarma akwai.